In an gayyace ka yawon gonakin inabi a ƙasar waje

Ɗalibanmu da ke karatu a Maroko da Turkiyya da Faransa, da ma'aikatan da ake turawa daga Yamai zuwa taro ko horo a Afirka ta Kudu, wanda duk ya ɗan daɗe a cikinsu da wuya wannan gayyata ta wuce shi. Dogon hutun ƙarshen mako zai zo, abokan karatu ko masu masauki su ce a fita gari a ga gonakin inabi. A wurinsu karramawa ce. Shi kuma baƙo kara ta hana shi tambaya, ya hau mota bai san tsarin ranar ba, sai ya tsinci kansa gaban dogon tebur an jera masa kofuna biyar na giya, kowa na kallonsa. Kusan duk abin da ke lalacewa a irin wannan tafiya daga rashin tambayar nan yake farawa, don haka tun kafin a sayi tikiti ake yanke shawara.

Ziyarar kashi uku ce, kuma ana iya raba su. Akwai zagayen gona, akwai shiga rumbun da ake tsima giya a ajiye ta, sannan akwai teburin ɗanɗani. Duka ukun sukan ci awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Hukuncin giya a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, kuma akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito wanda ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da ita. Wanda ya ce ba ya zuwa sam ya ba da amsa cikakkiya, ba ya bukatar ƙirƙiro ciwon kai ko wani uzuri. Wani zai ga gona ya tsaya nan. Akwai kuma 'yan'uwanmu Kirista, da masu kurɓa jefi-jefi, waɗanda za su zauna har ƙarshe. Kowanne daga cikinsu akwai abin da ya kamata ya sani, musamman da yake yawanci mota ɗaya ce za ta mayar da su gida.

Lokaci da shiri

A Maroko da Turkiyya da Faransa ana tsinkar inabi daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. A Afirka ta Kudu abin a juye yake: daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Afrilu. Mai son ganin 'ya'ya a jikin itace ya auna tafiyarsa da wannan. Wanda ya je Faransa a hutun watan Mayu ganye kawai zai gani da ƙananan furanni, wanda ya je a Disamba kuwa sanduna ne tsirara.

A Faransa ranakun hutu sun taru a watan Mayu da farkon Yuni: 1 ga Mayu, 8 ga Mayu, bikin Kirista na Ascension wanda kullum ranar Alhamis yake faɗowa har mutane su haɗa da Juma'a su yi kwana huɗu, da Litinin ɗin Pentecôte, shi ma bikin Kirista ne. A waɗannan ranaku kuɗin jirgin ƙasa yana tashi, masaukai suna cika, manyan gonaki kuma ba sa karɓar wanda bai kama wuri ba. Ƙananan gonaki na iyali sun fi daɗin ziyara, don mai gonar da kansa ke fitowa, amma da yawansu suna rufewa ranar Lahadi da kuma tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 2 na rana. A kama wuri da mako biyu ko uku. Kuɗin ziyara a yawancin wurare yana tsakanin yuro 10 da 30. Yuro ɗaya sefa 656 ne, kenan yuro 15 ya kusa jika 10. Manyan kamfanonin yankin Champagne sun fi haka tsada.

Nisa ba shi da yawa. Daga Paris zuwa Reims, a yankin Champagne, minti 45 ne a jirgin ƙasa mai sauri, zuwa Bordo awa 2 da 'yan mintuna, daga Bordo kuma ƙaramin jirgi ya kai ka Saint-Émilion cikin kusan rabin awa. Yankin Meknes ne cibiyar noman inabin giya a Maroko, wajen awa 3 daga Kazablanka a jirgin ƙasa. Stellenbosch kilomita 50 ne daga birnin Cape Town.

Lokacin kama wurin ake faɗin gaskiya, a rubuce: mutum kaza ne, ɗaya ko biyu ba sa shan giya, shin akwai ruwan inabi marar barasa, kuma ana iya biyan kuɗin zagaye kaɗai? Masu gonaki sun saba da wannan tambaya saboda yara da masu juna biyu da direbobi. Shi ma wanda ya gayyace ka a gaya masa tun da wuri, a taƙaice: «Na gode ƙwarai. Zan zo in ga gona, amma ba na shan giya, ba na kuma zama wurin ɗanɗani. Zan jira ku a waje.» In babba ne a wurin aiki, ba a bari sai a gaban jama'a. Bature ba ya jin haushin wanda ya faɗa tun farko. Abin da ke ɗaure masa kai shi ne wanda ya karɓi kofi ya riƙe, bai sha ba bai ajiye ba.

Kada a tsara fiye da gona biyu a yini. Uku gajiya ce ga kowa, ga masu sha kuma haɗari ne, kamar yadda lissafi zai nuna a gaba. A sa rufaffen takalmi, a ɗauki rigar sanyi ko da rana na dukan kai, da ƙaramar darduma da gorar ruwa, don banɗakunansu ba buta. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai kusan ƙarfe 10 na dare, sai a duba lokutan salla na garin tun kafin a fita.

A cikin gona

Nan ne amfanin tafiyar yake ga mutumin da ya tashi yana ganin garake a bakin kogin Isa, ko wanda ya san inabin da ake nomawa a Timiya cikin duwatsun Abzin. Masu rakiya sukan yi saurin wuce gona don su kai mutane wurin saye. Ka tsayar da su da tambaya.

Duƙa ka dubi gindin itacen. Ɗan sama da ƙasa za ka ga wani kumburi kamar gwiwa: wurin aure ne. A shekarun 1860 wani ƙaramin ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Turai daga Amurka yana cin saiwa, ya hallaka yawancin gonakin Faransa. Maganin da aka samu shi ne a aurar da inabin Turai a kan gindin inabin Amurka, wanda saiwarsa ke jure ƙwaron. Har yau haka ake yi kusan ko'ina. Tambayi sunan gindin da suke amfani da shi da dalilin zaɓensa, don akwai mai jure fari, akwai mai jure gishiri, akwai mai jure ƙasa mai farar ƙasa. Ga mai garka a ƙasarmu wannan amsa ta fi kowace daraja.

Sai askin itacen. Inabi yana yin 'ya'ya ne a kan sabon reshen da ya fito daga reshen bara, shi ya sa duk shekara ake datse kusan dukkan abin da ya tsiro, a bar reshe ɗaya ko biyu masu 'yan idanu. A ƙasashen sanyi itacen yana barci da hunturu, lokacin ake yi masa askin. A ƙasar zafi ba ya barci, don haka kalandarsu ba za ta yi mana aiki kai tsaye ba. Manoman Nashik a Indiya sau biyu suke aski a shekara: a watan Afrilu don itacen ya fitar da sababbin rassa, a watan Oktoba don ya yi 'ya'ya cikin rani. Dalilin kuwa shi ne inabi ba ya son ruwan sama lokacin nuna: 'ya'yan sukan fashe, cutar ganye ta kama.

In ka ga shuɗin ƙura a jikin ganye, maganin feshi ne da ake haɗawa da gishirin tagulla da farar ƙasa, wanda aka gano a yankin Bordo a shekarun 1880. Ƙura mai ruwan ɗorawa kuma farar wuta ce. Saboda haka ba a tsinkar inabi a jefa baki sai an nemi izini an kuma wanke. Ko an ba ka, kada ka sa ran irin wanda ake sayarwa a kanti. Inabin giya ƙanana ne, fatarsa kauri, ƙwallo ya cika shi, sai dai zaƙinsa ya fi ƙarfi. In lokacin girbi ne, ka nemi a nuna maka ɗan ma'aunin sukari mai kama da guntun bututu: a ɗiga masa ruwan ƙwaya ɗaya, a ɗaga shi wajen haske, a karanta lamba. Nunannen inabi yana da sukari giram 200 zuwa 230 a lita.

Wanda gonar kaɗai yake so yana da wata hanya da ta fi sauƙi: ya nemi a kai shi wurin masu noman inabin ci ko na zabibi, inda ba rumbu ba tebur. Akwai Moissac da gindin dutsen Ventoux a Faransa, kwarin Hex a Afirka ta Kudu, da Manisa a Turkiyya wadda ta shahara da zabibi. Sau da yawa masu masauki ba su taɓa tunanin haka ba sai an faɗa musu.

A cikin rumbu

Sanyi ne, digiri 10 zuwa 14 rani da damina, ƙasa a jiƙe, matakala mai santsi. Wasu rumbunan Reims sun kai zurfin mita 30. Gangunan katakon da za ka gani suna cin lita 225 a Bordo, 228 a Bourgogne.

Haɗarin gaske a lokacin girbi yake. Yisti yana cin sukari ya mayar da shi barasa da iskar kabon. Kowane giram 17 na sukari a lita yana ba da kashi 1 cikin ɗari na barasa, lita guda ta ruwan inabi kuma tana fitar da iskar da ta kusa lita 50. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a ƙasa da cikin tankuna, ba a ganinta. Tana kashe ma'aikata har yau. A da can mutane sukan shiga da kyandir a hannu, in ya mutu su juya. Kada ka leƙa kanka cikin tanki, kada ka sauka inda mai rakiya bai sauka ba, yara kuma a riƙe hannunsu don su suka fi kusa da ƙasa. Wanda ya ji jiri ko numfashi ya yi masa nauyi ya fita nan take.

Abin da ke cikin kwalba

Nan mutane suka fi faɗawa, da zuciya ɗaya, saboda an ce musu «ai wannan ba komai, zaƙi ne kawai». Zaƙi ba shaida ba ne. A karanta takardar da ke jikin kwalba.

Wanda aka rubuta wa jus de raisin, musamman pur jus kuma pasteurisé, shi ne tataccen ruwan inabi da aka dafa, ba barasa. Akwai mai iska ma, jus de raisin pétillant. Amma pétillant de raisin, ba tare da kalmar jus ba, abu ne dabam: ya fara tsima, yana ɗauke da barasa kashi 1 zuwa 3. Pineau des Charentes da ratafia da macvin za a bayyana maka su da cewa ruwan inabi ne da ba a tsima ba, kuma gaskiya ne, sai dai an zuba musu barasa mai ƙarfi har sun kai kashi 16 zuwa 22, sun fi giyar kanta. A watan Satumba da Oktoba ana sayar da wani farin ruwa mai gurɓi da zaƙi, bourru ko bernache, Jamusawa na ce masa Federweisser. Murfinsa da ɗan rami don kada kwalbar ta fashe, alamar yana kan tsima kenan, barasarsa na ƙaruwa kullum. Şıra, wato ruwan inabin Turkiyya, shi ma a tambaya ko na yau ne, don yakan ɗan tsima.

Sai giyar da aka cire wa barasa. A dokar Tarayyar Turai ta 2021, désalcoolisé na nufin abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 ba, partiellement désalcoolisé kuwa ya wuce haka. Giyar sha'ir da aka rubuta wa sans alcool a Faransa tana iya kaiwa kusan kashi 1.2. Dokar ba ta tilasta rubuta adadin barasa sai ya haura 1.2, don haka rashin ganin lamba bai wanke kwalba ba. Mai son tabbas ya nemi 0,0 a rubuce, ya kuma san cewa asalin wannan abin giya ce aka yi sannan aka tace. Hukuncinta tambaya ce ta malamai, a yi ta tun a gida.

Abincin rana ma a kula. Farantin da ake kawowa da burodi da cuku yawanci yankakken naman alade ne a gefensa. Coq au vin da bœuf bourguignon da œufs en meurette, waɗannan girke-girke dukansu da giya ake dafa su. Za a ce maka wuta ta ƙone ta, amma awon da ma'aikatar noma ta Amurka ta wallafa ya nuna bayan minti 15 na dahuwa kashi 40 na barasar na nan, bayan awa ɗaya kashi 25, bayan awa biyu da rabi kashi 5. Gasasshen kifi da dankali da salak, a ce kada a sa miya, ya fi kwanciyar hankali.

Lissafin tebur, da wanda zai tuƙa

Ko ba ka zauna ba, ka san abin da ke faruwa a ciki, don rayuwarka na hannun mai riƙe da sitiyari. Kowane ɗanɗani santilita 3 zuwa 5 ake zubawa, ɗan kaɗan a gindin kofi, shi ya sa yake ruɗi. Kala biyar a santilita 4 ya ba da 20. Gona uku ya zama 60, kwalba kuwa 75 ce. Kofin da ake lissafi da shi santilita 10 ne, mai ɗauke da giram 10 na barasa, kuma kowane ɗaya yana ɗaga barasar jini da giram 0.20 zuwa 0.25 a lita, fiye da haka ga mace ko marar jiki. Iyakar doka a Faransa 0.5 ce, ga sabon direba 0.2. A Afirka ta Kudu ma 0.5 ce. Kenan wanda ya haɗiye duk abin da aka zuba masa a gona ɗaya ya riga ya kai bakin iyaka. Jiki ba ya sauke fiye da 0.10 zuwa 0.15 a awa, kuma gahawa ko wanke fuska ko cin abinci daga baya ba sa ƙara masa sauri. Jandarmomi sun san ranakun hutu sun kuma san hanyoyin gonaki. A Faransa, tsakanin 0.5 da 0.8 tara ce ta yuro 135 da cire maki 6 daga lasisin tuƙi, daga 0.8 kuwa maganar kotu ce, abin da kan iya taɓa takardar zaman ɗalibi.

A kan tebur akwai wani bokiti ko tulu mai faɗin baki. Na tofarwa ne. Masu sana'ar suna kurɓa, su juya a baki, su tofar, su zubar da ragowar kofin a ciki, ba wanda ke ganin rashin ladabi. Mai sha jefi-jefi ya yi koyi da su, ya ci abinci kafin a fara, ya sha ruwa tsakanin kowane kofi biyu, ya tsaya a kala uku in ya ga dama. Wanda bai saba ba ya fi saurin juyewa, musamman da zafin rana bayan sanyin rumbu. Mai shan metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, ko maganin barci, ko maganin tarin fuka, da mai ciwon hanta, da mai juna biyu, kada su kusanta ko kaɗan.

Tun da safe a tsayar da direba, wanda ba zai kurɓa ko sau ɗaya ba. Galibi kai da ba ka sha za a roƙa. Kafin ka amsa ka tabbatar lasisinka yana aiki a ƙasar, an kuma sa sunanka a takardar hayar motar, in ba haka ba inshora ba za ta biya ba ranar tsautsayi. A Afirka ta Kudu ta hannun hagu ake tuƙi, wanda bai saba ba kada ya fara koyo a ranar. In ba direba, akwai motocin yawon da ake haya da direbansu, kuma Épernay, a yankin Champagne, da Saint-Émilion ana zaga su da ƙafa daga tasha. In wanda ya sha ya nace sai ya tuƙa, kada ka shiga, ko shugabanka ne. Wanda ya bugu har ba ya amsa kira a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, a kira lambar gaggawa ta ƙasar, 112 a Faransa.

Tsaraba

Ruwan inabin da aka dafa aka rufe yana shekara a wuri mai sanyi. Wanda aka matse maka a gabanka aka zuba a gora kuwa rayayye ne, yistin da ke jikin fatar 'ya'yan yana ciki. Ka bar shi a bayan mota yini guda da rana, da yamma gorar ta kumbura ta yi tauri, ka buɗe ta yi tsaki, kumfa ta taso, ya fara cizon harshe. Yadda kunun zaƙi ke juyawa in ya kwana a zafin Afrilu, haka yake yi, sai dai sukarinsa ya fi yawa. Irin wannan a sha shi a ranar, ko a sa a firiji a gama da shi cikin kwana biyu. Mai son ajiya ya ɗora shi a wuta ya kai digiri 80, ya riƙe shi haka minti 20 ba tare da ya tafasa ba, ya zuba da zafinsa a kwalbar da aka dafa, ya rufe. Ko dafaffen ma da zarar an buɗe shi a Yamai, ga zafi ga ɗaukewar wuta, kwana uku ne iyakarsa.

A jirgin sama ba a shiga da ruwan da ya wuce mililita 100 a jakar hannu, sai a naɗe kwalba cikin tufafi a sa a babban akwati. Zabibi da pekmez, wato ruwan inabin da Turkawa ke dafawa har ya yi kauri, sun fi sauƙin ɗauka kuma ba sa lalacewa.

Mai garkar da ransa ya biya da reshen dashe kada ya yanko ya cusa a akwati. Tsiro ba ya ƙetare iyaka sai da takardar lafiyar tsirrai daga hukumar ƙasar da ya fito, kuma reshen da aka ɗebo haka kawai yana iya zuwa da cutar da za ta kama na maƙwabta. Irin da aka zaɓa don sanyin Faransa ma da wuya ya yi abin kirki a bakin kogi. Ya fi kyau a nemi dashe daga wurin da yanayinsa ya yi kusa da namu, kamar manoman Kudan a jihar Kaduna, a kuma tambaye su watan da suke aski da yawan idanun da suke bari a kowane reshe.